Bokitin Mai Gadi a Gonar Sha'ir

Wata mai binciken irin shuka ta kama mai gadi da bokiti a hannu, a tsakiyar gonar gwaji.

Shekara shida ke nan tana haɗa irin sha'ir kala-kala, tana neman wanda zai jure zafi da fari. Dokar gonar ɗaya ce, kada kowa ya ba su ruwa.

"Baba, tun yaushe kake wannan aikin?"

"Wata biyu, 'yata. Ba na iya ganin shuka tana yaushi in wuce."

Ta dafe kai. Aikin bana ya tashi a banza.

"Duk layukan ka shayar?"

"Ban da na ƙarshen can." Ya nuna wani layi kore shar, zangarnunsa sun sunkuya don nauyi. "Shi bai taɓa nuna mini yana jin ƙishi ba."