Manomin Ya Fito Dushi-dushi

Malamin da ke koya mana ɗaukar fim ya ce ni da Laure mu tace bidiyon da muka ɗauko a gonar albasa ta Argungu. Ni na riƙe kyamara, kuma na san ɓarnar da na yi.

Ta kunna shi a kwamfuta. Manomin da muka je dominsa ya fito dushi-dushi kamar aljani. Ita kuwa, da ke gefe riƙe da makirufo, ta fito tar, har zaren gyalenta.

"Zulkifli, mine ne wanga?"

"Kyamarar ce ke da ra'ayi."

Ba ta yi dariya ba. "Yaya Abbas ya ce in ya sake ganina da kai, na bar ajin ga. Wai ba ka taɓa gama komi ba."



Ta daɗe tana kallon kanta a kwamfutar. "Jibi mu koma. Ka ɗauki manomin da kyau, ka gama, ka zo gidanmu a Badariya ka nuna wa Yaya da kanka."

"Wanga fa, in goge?"

Ta jawo kwamfutar gabanta. "Wa yac ce ka taɓa?"