Bayan Waƙa ta Uku

Ko rigar aikin sito bai cire ba ya shiga shagon faya-fayai na titin Elm, can ƙasar Turawa. Baturen da ya sake buga faifan tsohuwar ƙungiyarsu ta kiɗa ya tare shi da rawar jiki.

"Faifan asali guda ɗaya ya rage, duk ya kakkarce. Amma mun wanke sautin tas da kwamfuta."

Tsohon makaɗin ya zauna, gwiwoyinsa na zogi. Allurar garmaho ta sauka kan sabon faifan, jitar da ya kaɗa a Kano shekara talatin baya ta kama ihu kamar mai aljanu. Ko a jikinsa. Ba ita ta kawo shi ba.

Ranar ɗaukar faifan, ana gama waƙa ta uku ƙanensa mai ganga ya fashe da dariya: "Yaya, wallahi yunwa nake ji!" Wata biyu tsakani ya rasu, ko hoto bai bari ba, sai wannan muryar da ta shiga faifan.

Waƙa ta uku ta ƙare. Ya kasa kunne. Shiru.

"Da akwai wani surutu a nan," in ji Baturen da alfahari. "Kwana uku na yi ina goge shi."

"Sannu da ƙoƙari," ya ce, ya lalubi hularsa.