Ƙwallon Dabino a Kuskus ɗin Inna

Idir ya ƙidaya komai: kilomita ɗari biyu daga Marrakesh zuwa garinsu, awa huɗu ta kan dutsen Tishka, da kujerar gaban tasinsa wadda ya hana fasinja uku. Yau jajibirin Yennayer, sabuwar shekara, kuma yau mahaifiyarsa za ta fara ganin Tilila, wadda yake so.

Sai ga Tilila ta fito daga ofishin hasashen yanayi, ba jaka a hannunta.

"Ba inda za mu, Si Idir. Kafin mu kai Tishka ƙanƙara ta toshe hanya."

Ya ɗaga kai. Sama tas, ko gajimare ɗaya babu.

"Haba Lalla Tilila, da wannan ranar?"

"Da bakina na ce wa jama'a a rediyo su zauna gida. Sai kuma a gan ni a hanya?"

Ya tsaya yana kallonta. Shekara shida yana tuƙi da maganarta, sau biyu kacal ta kuskure.

"Inna ta dafa kuskus," ya ce yana sosa ƙeya. "Ƙwallon dabinon nan da ake ɓoyewa a ciki, wanda ya tsinta a ba shi makullin rumbu... a gefenki ta ce za ta tura shi."

Tilila ta sunkuyar da kai. Ta san ba a ba baƙuwa makulli, sai wadda za ta zama matar gida.

"Ka ce ta adana shi. Jibi hanya za ta buɗe."

"Kashi nawa cikin ɗari?"

"Hanyar, saba'in." Ta ɗago ido. "Makullin kuwa, ɗari cif."