Tauraro Ɗaya Ga Darar Musbahu

Shekara biyu Musbahu ya yi yana gina wasan dara na waya a shagonsa na gyaran waya a Birnin Kudu. Dara ce irin tamu, sai dai mutum yana Kiyako zai kara da na Gwaram, kowa a kan tabarmarsa. Babu kamfani a bayansa, babu uban gida. Shi da tsohuwar kwamfutarsa ne kawai.

Wata uku ya bar shi kyauta don gwaji, mutane suka cika shi maƙil. To amma na'urar da ke haɗa 'yan wasa a intanet hayarta ake yi duk wata, kuma ba da "Allah ya yi albarka" ake biya ba. Babur ɗinsa ma can ya tafi. Sai ya sanar a guruf ɗin 'yan wasan cewa daga yanzu naira dubu ɗaya ne, sau ɗaya tak.

Ranar nan guruf ya ɗauki zafi. Wani ya ce wasan yana tsayawa in sabis ya yi rauni. Wani ya ce shi bai taɓa ganin wasan da ke cin data kaɗan kamarsa ba. Aka yi ta ja-in-ja har Iliyasu ya sa baki. Iliyasu taubashin Musbahu ne, dillalin shanu a Gwaram, kuma duk guruf ɗin babu mai cin sa a dara.

Washegari ya hau mota ya zo shagon da kansa.

"Haba Musbahu, darar da muke haƙa ramukanta a ƙasa ce za ka sayar mana dubu? Na taya ɗari biyu."

"Albarka," in ji Musbahu, bai ko ɗago daga wayar da yake kwancewa ba.

"Ɗari uku, don zumunci."

"Kai da ka sayi wa sojanka na wasan Turawa riga dubu huɗu? Rigar da ko sallar idi ba za ka je da ita ba. Nawa ka taya su?"

"Ai waɗancan kamfani ne. Kai fa a gabana aka yi maka kaciya."

"To a gabanka zan ƙi ragewa. Na san abin da na yi, kuma ya ci dubu."

Iliyasu ya fita yana dariya. Shi a kara, kasuwar shanu, ya girma, ya san yadda ake karya mai taurin kai. Ka zagaya bijiminsa, ka ce ramamme ne, ka ce ƙafarsa da ciwo, ka juya kamar za ka tafi, mai shi zai kira ka. Sai ya tara 'yan guruf ya ce kowa ya shiga shagon manhajoji ya ba wasan tauraro ɗaya, mafi ƙarancin maki, ya rubuta aibu. "Kwana uku zai sauko," in ji shi, "sai mu saya ɗari biyu."

Suka kuwa yi, mutum sama da ɗari. "Wasan banza." "Ɓata data ne." "Ɗan garinmu ne, mun san shi, kada ku saya." Abin takaici, suna gama rubutawa suke komawa cikin wasan su ci gaba da buga kayansu, don Musbahu bai riga ya rufe wa 'yan gwaji ƙofa ba.

Abin da Iliyasu bai sani ba, kushen kara iska ke ɗauke shi da an tashi kasuwa. Na intanet kuwa yana nan zaune, baƙo na karantawa. Mutanen Kano da Damagaram da suka fara saye suka ja da baya. Wa zai sayi abin da 'yan garin mai shi suka ce banza ne?

Musbahu ya karanta duka, ya gane sunaye, har da waɗanda ya gyara wa waya kyauta. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai. Matarsa Kubra ta ce ya rage ko don a zauna lafiya.

"In na rage, na yarda ƙaryarsu gaskiya ce," ya ce. "Gara ya mutu da darajarsa."

Ya sayar da kwamfutar ya biya hayar wata guda, ko Allah zai kawo masu saye. Ba su zo ba. Ranar da watan ya cika, da la'asar, Iliyasu na tsakiyar wasa, saura ci ɗaya ya gama da abokin karawarsa, allon ya tsaya cak. Ya kashe waya ya kunna, ya zagi sabis, ya hau tudu. Shiru.

Da safe sai ga shi a shagon, da sabuwar dubu a hannu.

"Ɗan'uwa, wasa fa muke yi. Ciniki ne. Ga kuɗinka, kunna mana. Za mu goge abin da muka rubuta."

Musbahu ya nuna masa teburin da kwamfutar take zama a da, babu komai sai ƙura.

"Da me zan kunna? Riƙe dubunka, Iliyasu. Kun ce wasan banza ne, to na raba ku da banza."

Ya jawo wayar wata tsohuwa da ke jira a benci, ya ci gaba da aikinsa. Har yau bai sake gina komai ba.

Jama'a, mu daina kushe aikin namu don neman araha. Wanda ya raina abin da ɗan garinsa ya ƙera, ranar da ya zo da kuɗi a hannu ba zai tarar da abin saye ba.