Karen da Ya Ƙi Shiga Mota

Na'ibi ya sake jan igiyar. Karen da ya tsinto a tashar jiragen ruwan alhazai ya sake togewa, taku uku kafin motar. Kwana ashirin ke nan yana fama da shi haka. Jibi masu harbin karnukan titi za su shigo unguwarsu, Mahjar. In bai kai shi gonar ƙaninsa ba, halas, ta karen ta ƙare.

"Kawo igiyar, Baba," in ji 'yarsa Zakiya.

Tana karɓa, karen ya daka tsalle ya haye kujera yana kaɗa wutsiya.

Na'ibi ya tsaya yana kallo.

"Inda ka tsaya yake tsayawa," ta ce a hankali. "Tun ranar da mota ta kife da Umma a hanyar Makka, ba ka sake shiga wata ba. Yalla, mu tafi, Baba."

Karen ya matsa, ya bar masa wuri.