Tsamiyar Mai Koko

Lawandi, tun da ka shigo gidan nan ba ka da zance sai na shagon da ƙanenka ya samu a bakin sabon titi. Ko tuwon ba ka taɓa ba. To, wanke hannu ka ci, ni kuma in ba ka misali. In ka ga dama ka ɗauka.

A wani babban birni, can tsakiyarsa inda hanyar kasuwa ta haɗu da ta tasha, akwai wata tsamiya da ba a san wanda ya shuka ta ba. Wata mata ce ke sayar da koko da ƙosai a gindinta, tun tana goyo har ta ga jikoki. Ka dai san halin mutanenmu, ba ruwansu da sunan da hukuma ta raɗa wa titi, abin da ido ya saba gani shi baki ke kira. Kwandasta in ya iso wurin sai ya buga jikin mota ya ce, “Tsamiyar Mai Koko, akwai mai sauka?” Baƙo daga ƙauye, da wannan suna ake yi masa kwatance. Ana nan gari ya buɗe, aka shiga rushe gidajen ƙasa ana tsayar da benaye. Wani attajiri ya sayi tsofaffin gidajen da ke fuskantar tsamiyar, ya baje su, ya tada bene mai gilashi tun daga ƙasa har sama. Don a hango shi daga nesa, sai ya turo barandar gaba ta ci hanya, ya kafa sunansa a goshinta da haruffa masu tsawon mutum, masu wutar lantarki. Shaguna suka cika, ba abin da ya rasa. Abu ɗaya ne ya tsaya masa a maƙogwaro: kwanar nan ta ƙi amsa sunansa. 'Yan hayar shagunansa ma, a jikin ledojinsu “daura da Tsamiyar Mai Koko” suke bugawa. Ya ɗinka wa 'yan adaidaita riguna kyauta da sunan benen a baya, suka sa, suka yi godiya, suka ci gaba da kiran tsamiya. Ran nan motarsa ta lalace a wata unguwa, ya tari adaidaita, ya faɗi sunan benensa da ƙarfi. Direba ya ce bai san wurin ba. Ya yi ta kwatance, can direban ya ce, “Haba Alhaji, ka ce min Tsamiyar Mai Koko mana, ka huta!” Tun daga ranar, in ya leƙo ta tagar sama ya ga hayaƙin kaskonta da mutane a tsugune da kofuna, sai ya rufe tagar da ƙarfi. Matar da ko rumfar kwano ba ta da ita, wai ita ce da sunan unguwa!

Sai ya ɗauki ƙafa ya tafi hukumar tsara gari. Ya ce kwanar nan ta matse, kullum cunkoso, kuma tsamiya ce ta tare hanya, a zo a sare. Bai je sau ɗaya ya haƙura ba, sai da ya ishe su da sintiri. Suka zo da igiyar awo da gwangwanin jan fenti, shi yana tsaye a baranda da babbar riga yana jiran ya ga gatari. Suka duba suka ce gaskiyarsa, hanya ta matse. Amma mai awo ba daga inda ranka ke so yake farawa ba, daga tsakiyar titi yake ja. Da suka ja, tsamiya tana daidai inda hanya za ta iya rabuwa biyu ta wuce ta dama da hagu. Wadda ta shigo cikin titi ita ce barandarsa. A kanta jan fentin ya sauka. Katafila ta zo ta ɗebe goshin bene, haruffan nan masu tsawon mutum suka zube cikin ɓaraguzai, 'yan jari-bola suka kwashe. Leburorin da suka yi aikin, a wurin matar suke karyawa kowace safiya har aka gama. Aka zagaye tsamiya da dakalin siminti, aka zuba kwalta ta ɓangarori biyu, masu saye suka riƙa tsayawa ta nan da ta can, har sai da ta ƙara kasko ta ɗauko 'yan taya suya. Da aka zo kafa allon hanya, ma'aikata suka tambayi mutane yadda ake kiran wurin, suka rubuta abin da suka ji. Yanzu in ya buɗe tagarsa, abin da ke fara gaishe shi shi ne koren allo da farin rubutu: Tsamiyar Mai Koko. Ita kuwa har yau ba ta san wanda ya yi mata wannan hidima ba. In ya wuce takan ce, “Alhaji, an tashi lafiya? A zubo da zafinsa?”

Da ya zauna lafiya, da barandarsa na nan, da sunan matar bai wuce bakin kwandasta ba. Shi ya kai shi ofis da ƙafarsa, ya sa aka rubuta shi da fenti. Saboda haka ka ci tuwonka, ka tashi ka je ka yi wa ƙanenka Allah sa albarka. Hassada ga mai rabo taki ce.