Alamar Alli

An tashi daga gwajin wasan kwaikwayo, 'yan ƙungiya sun watse. Darakta kaɗai ya rage a ɗakin taron unguwa, a tsugune, yana sabunta alamun allin da yake zanawa a ƙasa don kowane ɗan wasa ya san inda zai tsaya. Mai ɗinkin da ke fitowa a matsayin amarya ta dawo ta tsaya a kansa.

"Malam, kullum sai ka matsar da alamata nesa da ango. Yau saura kaɗan in faɗo daga dandamali."

Bai ɗago ba. "Saboda haske ne."

"Ƙwan lantarki ɗaya ne a ɗakin nan, kuma a saitin kan ango yake."

Ya jujjuya allin a hannunsa har yatsunsa suka yi fari. Can ya dube ta, ya sake kawar da kai.

"Ba na iya kallonki kusa da shi. Ko a wasa."

Ta miƙa masa hannu. Sannan ta karɓi allin, ta sa takalmi ta murje alamar, ta zana sabuwa dab da ta ango.

"Mutane sun bar shagunansu suna zuwa nan, ba za ka lalata musu wasa saboda kishi ba."

Ta mayar masa da allin, ta gyara mayafinta.

"Kai ne ba ka san wurin tsayuwarka ba, Malam. Ƙofar gidan babana ce."